Kalwa a Gwiwar Inna

Yahanasu tela ce a Dutsin-Ma, kuma duk unguwarsu an san ta da hanci. Miya ta kwana a gidan maƙwabta, ita ce farkon sani. Abin da ta fi ƙyama a duniya shi ne warin daddawa, kuma ruwa ba ya tsami banza. Uwarta, Inna Huseina, ita ce mai daddawar ƙauyensu Ɗantutture, can wajen Kurfi, tun Yahanasu tana goye. Warin ya kama zanen Yahanasu, ya kama kitsonta, har yaran makarantar allo kan toshe hanci in ta zauna kusa da su. Tun ranar da aka kai ta ɗakin miji ta haramta wa tukunyarta daddawa.

Da tsufa ya zo, sanyin ƙashi ya riƙe wa Inna gwiwoyi, ko sujada ba ta iyawa. Yahanasu ta ɗauko ta da ƙyar, ta ba ta ɗaki fes. Amma kullum safiya tambayar tsohuwar ɗaya ce: yaushe motar Kurfi za ta tashi? Yahanasu kuwa ta san in ta koma can, babu mai ɗebo mata ko ruwan alwala. Tsoro ya cika ta, ta ƙudurta cewa in gwiwar ta yi sauƙi, Inna za ta zauna.

Ɗanta Abdullatif, wanda ya kawo mata na'urar ɗumama abinci daga Kaduna, shi ya ba ta dabara: ta ɗinka 'yar jaka, ta cika da hatsi, ta ɗumama in an kawo wuta, a riƙa gasa gwiwar da ita. Ɗinki ba wuya. Abin zubawa ne ya zama aiki. Ta sa shinkafa, Inna ta ce Allah ya tsare ta da ɗora abincin baƙi a ƙafa. Ta sa masara, sai ji suka yi tas-tas, wasu ƙwayoyi sun fashe sun ƙone. Wake ya fi kowa cin amana, don ashe akwai ƙwari a ciki. Da zafi ya ratsa su, wani ƙauri ya taso wanda ya sa Yahanasu ta yini tana tofar da yawu.

A nan ne Inna ta jawo wani ƙulli daga cikin kayanta.

"Sa wagga," in ji ta. "Kalwa ba ta ƙwaro, kuma tana riƙe zafi."

Yahanasu ta yamutsa fuska, ta sansana. Busasshiya ce, babu wari. Da yake ta guji sana'ar uwarta tun tana yarinya, ba ta gane cewa kalwar dafaffiya ce, an surfe an shanya ba. Ta zuba, ta ɗinke baki. Jakar ta yi kyau kuwa, Inna har ta daina maganar mota. Sai dai takan ce a yayyafa wa jakar ruwa kafin a ɗumama, in an gama gashin kuma ta cusa ta ƙarƙashin bargo.

Ba a daɗe ba hancin Yahanasu ya fara kai ƙara. Ta zargi kwata, ta wanke. Ta zargi mushen ɓera, ta fitar da kayan ɗaki. Turaren wuta ya ƙare a banza. Wata mai kawo ɗinki ta tsaya a bakin ƙofa ta ce a miƙo mata kayanta daga nan. Yahanasu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ta bi warin har ɗakin Inna, ta yaye bargo. Jakar ta kumbura, ta yi laushi, wani ruwa mai yauƙi yana tsattsafowa ta bakin ɗinkin, ya jiƙe katifa. Da ta ɗaga ta da yatsa biyu, zaren yauƙin ya biyo ta. Ta fita da gudu ta amayar da kokon safe.

"Inna, mi ke nan? Ruɓewa ta yi a jikinki, kika yi shiru?"

"Ba ruɓewa ba ce, ɗiyar nan. Nuna take." Inna ta karɓe jakar ta rungume. "Gidanki tsaf, ban musa ba. Amma tun da na zo ban yi barcin kirki ba sai da ƙamshinta ya fara tashi. In za ki yar, yar. Ki haɗa mini kayana."

Yahanasu ta daɗe tsaye, mayafi a hanci, hawaye na zuba, ita kanta ba ta san na amai ba ne ko na tausayi. Da yamma ta ɗinka sabuwar jaka ta cika da gero, domin gwiwa. Sannan ta tafi kasuwa ta sayo tukunyar ƙasa da kalwa, ta girka wa Inna a bayan madafi don ta ci gaba da daddawarta.

Har gobe takan tofar da yawu in ta bi ta wurin, masu kawo ɗinki kuma sun ragu. Inna ba ta ƙara tambayar motar Kurfi ba.