Kwana Ukun da Na Sa Nimis Ta Jira

Ranar da na fara ganinta, na ɗauka ɓera ne aka kama kai da wutsiya aka ja shi ya yi tsawo. Tana cikin kejin waya a bayan garejin da nake aiki a unguwar Manshiya, an lulluɓe rabin kejin da jiƙaƙƙen buhu saboda zafi. Jiki dogo, ƙafafu gajeru, idanu kamar an rambaɗa mata kwalli ya zarce, ga wani wari wanda ba na bunsuru ba, ba na kyanwa ba, nata ne ita kaɗai. A garinmu Damagaram da tunku za mu ce, amma ba tunku ba ce. Larabawan Sabha suna ce mata nimis, mu ma muka bi su a haka.

Mai ita wani Bature ne ɗan tsibirin Malta, makanikin manyan motoci. Lokacin kuɗin mai ya cika Libiya, duk inda ka juya gini ake yi, motocin siminti suna shigowa a jere, kowa ya iya riƙe ƙarfe ana neman sa. Ni facin taya nake yi. Yaren Baturen nan kusan Larabci ne, don haka da guntun Larabcina da nasa muke fahimtar juna. Ya ce a ƙasarsu da ita ake farautar zomo: a zura ta rami, a ɗana raga a ɗaya bakin, a koma gefe. Na tambaye shi wane zomo ya zo farauta a Fezzan, wannan yanki na hamada. Ya yi dariya ya ce ɓerayen gareji. Daga baya na gane ba shi da kowa a garin sai ita. Yakan sa ta a kafaɗa yana shan shayi yana ba ta labari.

Ni kuwa Allah ya yi ni da tambaya. Me ya sa take barci kamar ta mutu, har ka ɗaga ta tana lilo ba ta farka ba? Me ya sa in ta ji daɗi take tsalle da baya-baya, baki buɗe, har ta buga kai da bango? Dabino mai kyau na garin Samnu na ba ta, ta shinshina ta juya mini baya. Sai nama ɗanye, sai ƙwai, sai kan kaza. Tambayoyin nan su suka ja mini, don da Baturen ya tashi zuwa gida ganin mahaifiyarsa, ya ce ba wanda ya san ta kamar ni, ya bar mini ita amana.

Ya nuna mini komai, da buhun da ake jiƙawa da mahaucin da ke ajiye masa kan kaji. Sa'annan ya kama hannuna ya ɗaga yatsa ɗaya.

"In ta ƙi ci yini ɗaya, baitari. Ba gobe ba. Yini ɗaya."

Baitari shi ne likitan dabbobi, ofishinsu yana can wajen gari, a hanyar Tamanhint. Na ce na ji. Wallahi na ji.

Ɗakinmu yana manne da rumbun tayoyi, ni da Baba muke cikinsa. Baba dattijo ne Bakano, yana sayar da yadi a kasuwa, kuma tun ranar da muka haɗu muke wasan Kanawa da Damagarawa, ba hutu. Da ya ga keji a ƙofar ɗaki ya ce, "To, Badamagare ya sami sarauta. Sarkin ɓeraye, ranka ya daɗe."

Kuskurena na farko tausayi ne. A wurinmu ba a yini da dabba a ɗaure, ko akuya ce ana kwance ta ta miƙe ƙafa. Baturen yakan sake ta ne kawai yana tsaye a kanta. Ni sai na riƙa buɗe mata keji da rana in an tashi aiki, in rufe ƙofar rumbu, in kwanta in bar ta tana sha'aninta cikin tayoyi. Ina jin ƙwas-ƙwas ɗinta har barci ya ɗauke ni.

A cikin kwanakin nan batakata ta ɓata. Bataka ita ce katin shaidar aiki, wadda in ba ka da ita kai ba kowa ba ne. Nakan ajiye ta a wata 'yar jakar leda da na ɗaure da jan tsirin roba, irin wanda nake yankawa daga tsohon tiyub. Na ajiye ta a gefen tabarma, na tashi ban gan ta ba. Na zazzage ɗaki kaf. Har a zuciyata na zargi Baba, Allah ya gafarta mini, na ce ko wasan nasa ne ya yi nisa. Mai gareji ya ce zai sake nemo mini wata, bukra, wato gobe. Bukrar Balarabe kuwa kowa ya san tsawonta. Ga shi a lokacin shurɗa, wato 'yan sanda, suna tsayawa a bakin hanyoyi, wanda ba shi da takarda a jefa shi mota a yi kudu da shi. Na yanke wa kaina ba zan wuce Manshiya ba sai takarda ta fito.

Ana wata ga wata. Wata safiya na kai mata kan kaza, ta shinshina ta koma ta kwanta.

Na tuna yatsan Bature. Amma na ce ai zafi ne, don ranar iskar kudu tana busawa kamar daga bakin murhu. Na ƙara jiƙa buhu, na matsar da keji inuwa. Da yamma ta yi amai, ɗan ruwa mai kumfa. Na tsuguna ina kallonta, tana sa ƙafar gaba tana sosar baki kamar mai son ciro wani abu, tana tauna haƙora ƙaras-ƙaras. Abin ya ba ni mamaki fiye da yadda ya ba ni tsoro. Ina ta tunanin ko haka irinsu suke yi in sun yi kewar mai su.

Rana ta biyu na yi abin da kowane ɗan garinmu zai yi. Akuya in ta ƙi ci, kanwa ake jiƙa mata, a ɗura mata, a ba ta kwana uku. In ta tashi, alhamdu lillahi, in abin ya ƙi, a sa wuƙa kafin ta zama mushe. Haka na ga mahaifina yana yi, haka nasa ya yi. Baba yana da 'yar kanwa da ya zo da ita don ciwon ciki. Muka jiƙa, ya riƙe ta da tsumma, na ɗiga mata da bakin cokali. Ta haɗiye, ta dawo da shi nan take.

"Wannan fa ba akuya ba ce," in ji Baba. "Akuya in ta ƙi tashi ka ci nama. Wannan in ta ƙi tashi me za ka ci? Kunya."

"Baba, kwana uku ake ba dabba."

"Wa ya faɗa? Mai ita kwana nawa ya ce?"

Na ce bari mu ga gobe. Gaskiyar magana, ba kwana ukun mahaifina nake bi ba, fakewa nake yi da su. Tsoro nake ji. Ina ganin kaina a bayan motar shurɗa, shekara biyu na wahala sun tafi a banza, in isa gida da rigar jikina kawai. Sai in dubi keji in ce wa zuciyata ai idonta da sauran haske.

Safiya ta uku ba ta ko ɗaga kai ba. Na duba ƙasan keji, ba kashi tun shekaranjiya. Na taɓa cikinta ta yi wani siririn kuka da ban taɓa ji ba. Bakinta da yake ja ya koma fari. Baba ya gama lazimi, ya zo ya tsaya a kaina. Yau ba wasa a muryarsa.

"Ɗana, mutumin nan bai ba Balarabe ba, bai ba ɗan'uwansa Bature ba, kai ya ba. In sun kama ka, ƙaddara ce, zan tattara kayanka in aika maka har Damagaram. In ta mutu a nan kana zaune, wannan ba ƙaddara ba ce, kai ne."

Na tashi na sa takalmi. Ba jarunta ba ce, na dai gaji da kallonta. Keji ya yi girman ɗauka, sai na shiga rumbu neman kwali. Na san akwai wani a bayan tsofaffin tayoyin tirela. Na jawo tayar ƙarshe, na ji abu yana ƙara a cikinta. Na zuba hannu.

Na dai san tana sata, amma ban san ta buɗe kanti ba. Ga cokalin shayin Bature. Ga safa ƙafa ɗaya, ga marfin kwalba, ga busassun kawunan kaji uku, ga igiyar takalmi, ga tazbahar Baba da ya ce ta faɗi a masallaci. A ƙarƙashinsu duka ga 'yar jakata ta leda, batakata a ciki, gefe ɗaya duk huji-hujin haƙora. Jan tsirin robar da na ɗaure ta da shi ya ragu saura rabi.

Na zauna a ƙasa riƙe da ita. Taku nawa ne daga tabarmata zuwa tayar nan? Bai kai goma ba. Na fito na miƙa wa Baba tazbaharsa, na ce ya yafe mini zargin da na yi masa. Ya ce, "Je ka, mu yi wannan in ka dawo."

Wani direban da nake yi wa faci ya ɗauke ni a gaban motarsa, kwali a cinyata, hannuna ɗaya a aljihu a kan bataka. Muka bi ta tsakiyar gari, muka wuce mahaɗar da shurɗa suka saba tsayawa, wadda nake tsoro, muka hau hanyar Tamanhint. Ba wanda ya tsaida mu. Ba ko ɗan sanda ɗaya a hanyar ranar.

A harabar baitari raƙuma ne da tumaki, masu su suna zaune a inuwa. Da na buɗe kwali sai suka taso suna leƙe, wani tsoho ya tambaye ni ko ana cin ta. Likitan mutumin Sudan ne, dogo, mai sanyin magana. Ya ce a littafi kawai ya taɓa ganin irinta. Ya juya ta a hankali, ya duba haƙora, ya bi cikinta da yatsu biyu har ya tsaya a wuri ɗaya. Na ciro guntun robar na nuna masa. Ya gyaɗa kai.

"Yaushe ta daina ci?"

"Yau kwana uku."

Ya ɗago ya dube ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

"Raƙumi yana jira," ya ce. "Akuya ma tana ɗan jira. Dubi hanjin wannan, bai kai ɗan yatsanka ba. Da me za ta jira?"

Duk da haka ya gwada. Ya bar tumakin mutane, ya sa mata allurar barci, ya ce in riƙe fitila. Ni da nake son ganin komai, ranar na ga abin da ban nema ba. Ya ciro robar, ja, tsawonta bai fi gaɓar yatsa ba, da yankan almakashina a gefenta. Amma hanjin da ke kewaye da wurin ya riga ya yi baƙi. Ya yanke abin da zai yanke, ya ɗinke, muka jira. Kafin la'asar ta daina numfashi, tafin hannuna yana kan haƙarƙarinta. Na yi kuka a gaban masu raƙuma, ban damu ba.

Na tambaye shi, da na zo ranar farko fa? Ya wanke hannu ya daɗe yana gogewa, sa'annan ya ce rai na Allah ne, amma ranar farko aikin ƙarami ne.

Mun binne ta ni da Baba a bayan gareji, gindin wata tsamiyar Larabawa mai ganye kamar allura. Baba ya ce in gaya wa Bature zafi ne ya kashe ta, ai ba ƙarya ba ne an yi zafi. Daga baya shi da kansa ya ce a'a, kada in yi.

Da Baturen ya dawo, bai ajiye jaka ba ya zagaya baya. Ya ga keji a buɗe, buhu a bushe. Na tsaya na faɗa masa komai, da sakin da nake yi mata, da kanwa, da bataka, da tsorona. Na kai shi rumbu na nuna masa kantinta. Ya ɗauki cokalinsa yana jujjuya shi, har ya ɗan yi murmushi. Sai ya ɗaga yatsa ɗaya, kamar ranar da zai tafi, ya riƙe shi a sama. Sa'annan ya sa cokalin a aljihu ya koma bakin aiki. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, kuma bai ƙara shan shayi a bayan gareji ba.

Na ƙara shekara huɗu a Sabha da batakar nan. Duk shingen da aka tsaida ni, sai ɗan sanda ya juya ta, ya shafa huji-hujin da yatsa, ya tambaye ni me ya ci mini takarda. In ce nimis. Sai ya yi dariya ya kira ɗan'uwansa ya zo ya gani, su miƙo mini su ce in wuce. Ba su taɓa tambayata ina nimis ɗin take ba.