Ruwan Fadamar Yayana

Ƙarfe tara da kwata na safiyar Talata, mu uku ne a ɗakin gwaji: ni mai wanke kwalabe, da Dakta mai binciken ruwa, da yayana da ya taso daga fadamarsa riƙe da jarka.

Ban wuce sakandare ba, amma aikin Dakta na san shi daki-daki. Tana da wani farin gari dangin roba, ido ba ya ganin ƙwayarsa. A fara auna ruwa. Sannan a zuba garin, a girgiza, a tace, a sake aunawa. Dalma mai guba da sauran ƙarafan da suka narke a ruwan sai su manne wa garin.

Ni na matsa wa Yaya ya kawo ruwan da yake ba latas ɗinsa. Tun da na ga abin da ake cirewa daga ruwan kogi na kasa cin ganye a gidansa. 'Ya'yansa kuwa kullum sai sun ci.

Dakta ta ɗaga jarkar. “Malam, wannan ne ruwan fadamar? Ai ya fi na randata kyau.”

“Ranki ya daɗe, a kawo wa manya ruwa da laka?” in ji Yaya. “Mai ɗakina ta bar shi ya kwana, ta tace da ƙyalle sau biyu.”

Na ce, “Haba Yaya, gwaji aka ce, ba tarbar baƙo ba!”

“To sarkin sani, me ya hana ka faɗa?”

Gaskiyarsa, ban faɗa ba. Washegari na tsallaka gada da kaina, na ɗebo daga bakin injin ban ruwa, na rubuta rana da lokaci a jikin kwalbar.

Kwana tara na yi ina jira. In wanke kwalba, in ajiye, in sake ɗaukar ta in wanke. In je ƙofar ofishin Dakta, in juyo ban ƙwanƙwasa ba.

Da sakamako ya fito, akwai dalma a duka ruwan biyu, har wanda matar Yaya ta tace. Garin ya janye mafi yawanta, amma a cikin kwalba. Na tambayi Dakta buhu nawa zai ishi fadama. Ta ce bincike bai kai nan ba tukuna.

Na kai wa Yaya labari. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, “To da wane ruwan zan shayar?” Ya tashi ya tayar da injinsa, don ranar Juma'a zai kai kaya kasuwa.

Mai karatu, in kana cikin masu wannan ilimi, ka zo Wudil, zan raka ka fadamar. Ka ba Yaya amsar tambayarsa.