Tabarya ta Biyu: Shekara Bakwai Babu Isiyaku

Shekara bakwai ke nan da aka kira ni ta waya daga ƙasar Baudiya aka ce Isiyaku ya cika. A can sun san shi da Mai Girma Mataimakin Shugaban Ƙasa. Ni kuwa na san shi da ɗalibin da marigayi maigidana ya ba ɗakin zaure a gidanmu na Umdurman, nan ƙasar Sudan, siriri, mai riga ɗaya, mai kunyar neman ƙarin tuwo. Ban yi boko ba. Jikana Usman ke rubutawa ina faɗa, kuma saboda shi nake maganar.

Usman shi ne na biyu a shagon yayansa a Kasuwar Libiya ta nan Umdurman. Kwanan nan ya ce ya gaji da zama inuwar wani, ko a ba shi makullin ko a raba shagon. Da na ambaci Isiyaku sai ya yi dariya, ya kira ni kaka da Larabcin nan, ya ce, "Habboba, mutumin da aka miƙa wa kujera ya ƙi zama? Ai tsoro ne."

To, saurara.

Wata shekara ina da tsohon ciki, ga gero, babu abokiyar daka. Isiyaku ya ajiye littattafansa ya ɗauki tabarya, matan maƙwabta na leƙe ta katanga suna shewa. Muka fara lugude, dakan mutum biyu a turmi ɗaya. Shi da ƙarfin samartaka sai ya riga ni sauka. Tabare suka gwabzu, gero ya watse, bakin turmi ya ɓalle, kaji suka yi biki. Na ce masa na biyu ba ya kallon turmi, kunne yake kasawa ga tabaryar na farko, ya sauka a gurbin da ta bari. Kafin ya gama karatu ya fi wasu matan unguwa iya lugude.

Ya koma gida. Muka ji ya zama ɗan majalisa, sai ministan ruwa, sai mataimaki. Ana nan shugabansa ya kwanta ciwo, aka fita da shi waje. Manya suka yi ta sintiri gidansa suna cewa dama sau ɗaya take zuwa, ya rantsar da kansa. Ya ƙi. Ya riƙe ƙasar riƙon amana, albashi na fita, kasuwa na ci, har mai kujera ya warke ya dawo ya tarar da kujerarsa inda ya bar ta. Da zaɓe ya zo jam'iyyarsu ta tsallake Isiyaku ta ɗauki wani. Ba zan ɓoye ba, abin ya yi min ciwo. Shi kuwa ya koma gona.

Kafin nan ya taɓa ziyartarmu, motocinsa suka kasa shiga lungunmu. Ya tako da ƙafa, ya cire takalmi, ya zauna a angarib, gadon igiyarmu, ya nemi a fito da turmin. Ya shafa ɓallin ya ce, "Inna, duk ranar da suka zuga ni, wannan ƙarar nake ji."

Da yana raye, me zai ce da yaƙin da ya same mu a nan, da shugaba da mataimakinsa suka juya wa juna bindiga? Mu mun ga yadda gari ke zama idan tabare biyu suka gwabzu a turmi ɗaya. Mu ne geron. Muka gudu, muka dawo, muka tarar an kwashe firji da ƙofofi. Turmin kaɗai aka bari, don ɓarawo bai ga amfanin ɓallallen turmi ba. Ina jin Isiyaku ba zai yi dogon jawabi ba. Zai tambaya ko mun ci abinci, ya ɗauki tsintsiya.

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Shi bai sha romon ba, mutanensa suka sha. Ba a sa hotonsa a kuɗi ba, amma a ƙasarsu babu uwar da ta binne ɗa saboda kujerarsa. Ni wannan ya ishe ni. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Usman ya daina rubutu tun ɗazu, yana kallon turmin. Na ce ya ƙarasa. Ya ce to, amma in yi sauri, yayansa na jiran sa su buɗe shago.