Maƙwabciyar Amos Thirlby

Duk wanda ya tashi a garin Aldersike ya san Dorcas Haygarth, ko ya so ko bai so ba. Gajeriya ce, ƙarar injinan masaƙa ta kashe mata kunne ɗaya, shi ya sa ko gaisuwa za ta yi sai an jiyo ta a ƙarshen layi. Abin dariyar kuwa, 'yar ɗariƙar Abokai ce, mu da ibadarmu ba ta wuce zaman shiru a ɗakin taro ba, babu fasto, babu waƙa, babu ƙararrawa. Mutane kan ce safiyar Lahadi ce kaɗai hutun da harshen Dorcas yake samu.

Garin kansa Amos Thirlby ne ya gina shi. Ya zo ya tarar da kwari da rafi da tumaki, ya kafa masaƙar ulu, ya gina wa ma'aikata gidajen dutse kowanne da lambunsa, ya jawo ruwan famfo, ya gina makaranta, ya kuma tilasta wa jikokinsa zama benci ɗaya da 'ya'yan masaƙa. Ba ya rantsuwa, ba ya magana biyu a ciniki, ba ya cire wa kowa hula. Amma fa kada a mayar da shi waliyyi. Daga duhun asuba zuwa duhun magariba ake yi masa aiki, ƙurar ulu kuwa ta cinye ƙirjin mata da yawa. Cikinsu har da Martha, uwar Dorcas, wadda ta yi ta tari har ta tafi ta bar 'yarta ƙarama.

A maƙabartarmu ba a ware wa wani iyali wuri. Layi ake bi. Wanda ya mutu yau, kusa da wanda ya mutu jiya zai kwanta, kowa da ɗan dutsensa iri ɗaya, tsayin gwiwa, suna da shekara kawai. Amos ya rasu, kafin mako ya zagayo Martha ta bi shi, sai ga mai masaƙa da mai ɗaura zare kafaɗa da kafaɗa. Tun tana yarinya Dorcas take zuwa ranar Asabar da bokiti ta wanke dutsen uwarta, ragowar ruwan kuma ta wanke na Amos tana yi masa faɗa a kan ƙurar nan. Ta yi aiki a masaƙa, ta yi aure, ta binne miji, ta tsufa, ba ta fasa ba.

Bayan yaƙin duniya na biyu masaƙa ta cika shekara ɗari. Lokacin tana hannun Edmund Thirlby, jikan Amos, sa'an Dorcas, wanda ya sha iskar Landan ya dawo da mota da tumbi. Shi ne ya ce abin kunya ne a bar wanda ya gina gari a ƙarƙashin dutse kamar na murhu. Zai kafa farin dutse dogo, da matakala, da shingen ƙarfe. Sai dai abin na buƙatar fili. Hagun Amos katanga ce, damarsa kuwa Martha. Wato dai a tone Martha a kai ta wani wuri.

Da kansa ya je gidan Dorcas. Duk gari Maigida ake ce masa, ita kuwa ko a mafarki. Ta zuba masa shayi a kofin da ya fi kowanne tsagewa, ta zauna tana kallonsa. Ya yi ta zagaye-zagaye, wai za a mayar da uwarta gindin wata bishiya mai inuwa, a dasa mata furanni.

"Dorcas, baƙi suna zuwa daga nesa su rasa kabarinsa," in ji shi.

"Su karanta mana, Edmund. Ai ya gina makaranta."

Ya ajiye kofi, ya ɗaga kai yana duban rufi, ya ce gidan nan dai na kamfanin masaƙa ne, kuma akwai masu ƙananan yara da suke jira. Dorcas ta gane barazanar kora ce, ga shi ba ta da inda za ta. Amma ta tuna masa ranar da ya jiƙa wando a bencin makaranta ta rufa masa asiri da mayafinta, sannan ta buɗe masa ƙofa.

Maƙabarta ba ta kamfani ba ce, ta taron Abokai ce, mu kuwa ba ma ƙuri'a. Ana kawo magana, a yi shiru a kanta, idan magatakarda ya ga zukata sun haɗu sai ya ce an amince. Mutum ɗaya ya tsaya da gaske, magana ta tsaya. Ranar taron ɗaki ya cika maƙil. Walter Sugden magatakarda, wanda 'ya'yansa duk a masaƙa suke ci, ya gabatar da buƙatar yana share gumi cikin sanyin nan. Aka yi shiru. Ni dai na san shirun ibada, wannan ba shi ba ne, shirun tsoro ne. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Walter ya buɗe baki zai ce an amince, sai benci ya yi ƙara. Dorcas ta miƙe. Kowa ya shirya kunnensa don tsawa, sai muka ji murya ƙasa-ƙasa, irin wadda ba mu taɓa sanin tana da ita ba.

"Amos Thirlby ya ba mu gida da ruwa da karatu, na gode. Ya kuma ci ƙirjin uwata, ban manta ba. Abu ɗaya ya yi da ba shi da riba a ciki: ya kwanta kusa da ita bai ce ta matsa ba. Shi kuke so ku ƙwace. Ban yarda ba."

Ba ta koma ta zauna ba. Haka ta tsaya har Walter ya ce a ɗage maganar zuwa wata mai zuwa. Wata ya zo, ta sake miƙewa. Wani ya zo, haka. Aka daina gyara mata rufi, ruwan sama ya riƙa zuba a tukunyar da ta tara kusa da gado. Matan da suka yi aiki tare da ita suka koma tsallaka titi idan sun hango ta, wannan kuwa ya yi mata ciwo ƙwarai, ta yi kuka a kansa ba sau ɗaya ba. Amma ta kafe kai da fata. Can cikin hunturu wata tsohuwa ta miƙe tare da ita, sai wani marini, sai matar Walter da kanta.

Edmund ya gaji. Aka kai farin dutsen tsakiyar kasuwa, inda tattabaru suka yi masa maraba irin tasu har yau. Bai kore ta daga gidan ba, bai kuma sake yi mata magana ba. Ita ce dai ta tare shi wata rana a ƙofar ɗakin taro, da tsohuwar muryarta: "Layi ɗaya muke bi, Edmund. Ka roƙi Allah kada in biyo ka."

Shekaru suka ja. Edmund ya rasu, aka ji ashe a layi ya ce a sa shi, da ɗan dutse irin na kowa. Dorcas tana kwance ba lafiya aka kai mata labari. Ta tambaya ko wani ya bi shi, aka ce tukuna. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce a gaya wa mai haƙa kada ya yi nisa da shebur.

Mako bai zagayo ba ta cika. Tana nan a damar Edmund, tsayin gwiwa. Martha kuma tana nan inda aka kwantar da ita.