Kalmar da Inna Zuwaira ta sa Kawu ya cire

Kawuna Ubaidullahi ya yi shekara talatin a gindin wata darbejiya a Birnin Kudu yana buga wa mutane takardun koke. Da tafireta ya fara, daga baya ya koma kwamfuta, amma girman kan nan nasa bai sauya ba. Wai shi Bature! Kalmar Turanci ɗaya yake ji da ita, ba ya rufe takarda sai ya sa ta: beseech.

Ya sha yi mini bayani har na gaji. Ya ce ba irin roƙon aron fartanya ba ne. Roƙo ne na wanda ya cire hula, ya zube gwiwa biyu a ƙasa, domin ba shi da sauran dabara. Ga manya ake yin sa, ko ga Allah. "Ita ke sa babban mutum ya ajiye biro ya saurara," in ji shi.

Wata Talata wata tsohuwa, Inna Zuwaira, ta zo daga Farin Dutse. Masu aikin hanya sun jibge tsakuwa a gonar da mijinta ya bar mata, ga damina ta kusa. In ba a kwashe ba, bana ba shuka. Kawu ya buga, ya karanta mata da Hausa kamar yadda ya saba, yana ta sauri. Da ya zo kan kalmar sai ta ɗaga hannu.

"Malam, tsaya. Ka ce na yi me?"

"Kin durƙusa, Inna. Haka ake rubuta wa manya."

"Ni? A kan gonata? Wanda ya zuba tsakuwar shi zai durƙusa. Wannan gwiwar ta sallah ce. Cire."

Ya lallashe ta, ya ce takardar za ta yi sanyi. Ta ce ta yi. Haka ya sake bugawa, ta dangwala yatsa, ta tafi tasha.

Ban san ko an kwashe tsakuwar ba, kuma abin yana damuna har yau. Da yamma dai Kawu ya kasa cin tuwo. Ya ture kwanon, ya ce mini, "Nasiha, mutum nawa na durƙusar a garin nan ban tambaye su ba?"