Ƙullin Kabar Baba Tanko

Ranar Talata da hantsi saƙon murya ya shigo wayata, ina ɗakin bincike a wannan ƙasa ta Turawa da na shekara bakwai a cikinta. Lawal ne, babban ɗan Baba Tanko na wajen Damari. Ya ce Baba ya rasu bayan zazzaɓin kwana tara, an kai shi makwancinsa ranar Litinin da la'asar. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni mutumin Ƙanƙara ne. Aikina binciken dalilin da ya sa ƙwayar cuta ɗaya take kashe wani ɓeran daji, wani kuma ya ɗauke ta lafiya lau, har ya bar ta cikin hatsin mutane. Bambancin yana cikin garkuwar jikin da kowane ya gada daga iyayensa. Da na fara neman mai kama mini su don in ɗebi jininsu, a kasuwar 'Yankara aka nuna mini Baba, aka ce tsakanin Faskari da Sabuwa babu wanda ya san kusu kamarsa. Da na yi masa bayani, ya yi dariya ya ce ashe boko ya kai har ramin kusu. Tun daga ranar likitan kusu yake ce mini.

Mutum ne mai tsari. In tarko ya kama mai ciki, sakinta yake yi nesa da gari, ko na yi ƙorafi. Bai taɓa shiga gida ba sai ya wanke hannu da sabulu a ƙofa. A Maguzanci ya tashi, ya musulunta da girmansa, kuma bai yanke zumunci da kowa ba. Yakan ce, "Kusun rumbu daban, na fadama daban, ko da kamarsu ɗaya."

Bai iya rubutu ba, don haka kowane tarko sai ya ɗaura masa kaba: ƙulli ɗaya na rumbu, biyu na fadama, uku na gindin dutse. Ni kuwa takardar da aka ba ni gurbi ɗaya gare ta, na ƙaramar hukuma. Na tsittsinke kabar, na rubuta Sabuwa a kan duka. Ya kalle ni ya ce, "Likita, ka haɗa 'yan gari uku a ɗaki ɗaya. In aka yi faɗa ba za ka san wanda ya fara ba." Abu ɗaya ya roƙe ni: in na gano masu ɗauke da cutar, in faɗa masa, don mata su san inda za su daina shanya.

Da sakamako ya fito, jinin ya rabu kashi-kashi kamar yadda ya faɗa. Kashi ɗaya yana ɗauke da cutar ba ya ciwo. Daga ina aka kamo su? Ban sani ba, ni na zubar da amsar da hannuna.

Zan iya cewa hanya ta lalace da 'yan bindiga, masu ba da kuɗin aikin sun juya baya, Turawan nan jinin kawai suke so, ba su taɓa tambayar wanda ya kama ba. Duk gaskiya ne. Amma waya tana aiki. Sau biyu Baba ya sa Lawal ya kira ni, sau biyu na ce ana kan aiki. Kunyar in ce masa shi ke da gaskiya ce ta hana ni.

Ban san ko zazzaɓin nan daga kusu yake ba. Ba a gwada shi ba, ba kuma zan ɗora wa kaina sanin gaibu ba. Abin da na sani, jiya na faɗa wa Lawal su rufe hatsi da ruwan sha, su daina shanya a ƙasa ko ina ne, kada su taɓa mataccen kusu da hannu. Maganar ba ta kai minti biyu ba. Lawal ya ce to, Allah ya saka da alheri. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ina roƙon matarsa Inna Hajara da Lawal da sauran 'ya'yansa su yafe mini. Allah ya jiƙan Baba Tanko, ya yafe kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, ya tsare su daga cuta da tashin hankali, ya sa mu cika da imani. Amin.