Alamar Bitrus Mai Rijiya

Bana shekara bakwai ke nan da 'yan bindiga suka harbe aminina Bitrus mai ginin rijiya a hanyar Ruma. Har gobe in na ji guga ya bugi ruwa, sai in tuna shi.

Ni malamin Islamiyya ne, shi kuma Kirista, Bahaushe ɗan ƙauyenmu. Duk rijiyar da ya gama, kafin siminti ya bushe, sai ya ɗauki tsinke ya zana haruffa biyu a sarƙe, ɗaya a gicciye, ɗaya a tsaye da kai a lanƙwashe. Fulanin Tsaskiya suka ɗauka shaidar shanunsa ce, har wani Arɗo ya tare shi, wai ina ya ɓoye garken? Bitrus ya yi dariya har da hawaye. Shi ya gaya mani farkon sunan Almasihu ne a wani tsohon rubutu. Na ce, "Kai Bitrus, ruwan ma sai ka yi masa wa'azi?" Ya ce, "Malam, sha abinka, alwala ma yana yi."

Ranar da aka kawo gawarsa, fastonsu ya kasa shigowa saboda hanya ba tsaro. Mu Musulmi muka haƙa, muka shafe kabarin da ragowar simintinsa. Matarsa Saratu ta yi addu'arsu, sannan ta miƙo mani tsinke ta ce, "Malam, kai ka san hannunsa." Na zana alamarsa a kan kabarin. Wasu sun yi ta tsegumi. Su yi mana! A nan na yi mata alkawari, in tata ta zo ina raye, kusa da shi zan kwantar da ita.

Yau ƙauyen kufai ne, 'yan bindiga sun tashe mu. Mutumin da babu rugar da bai sha nono ba daga Ruma har Zakka, me zai ce in ya ji ko kabarinsa ba mu iya zuwa? Rijiyoyinsa dai suna nan, na ji har waɗanda suka kore mu a can suke shayarwa. Wallahi wannan yana ci mani rai.

Saratu tana ɗakin haya a Batsari, jiki ya ƙi. Da na je gaishe ta kwanan baya, ta daɗe tana kallona, ta ce, "Malam, na yafe maka alkawarin, kada a kashe ka saboda gawa. Ku sa ni a nan. Amma ka yi mani zanen nan, don ya gane ni."